Awa Uku a Gulma

Ɗana na fari ba ni na raine shi ba. Ana yaye shi goggonsa, yayar maigidana, ta zo daga Gulma ta goya shi ta tafi, kamar yadda ake yi. Ita yake kira Inna. Ni kuwa ba ya kirana komai, ni ma ban taɓa kama sunansa a bakina ba. Kunyar ɗan fari ke nan; idan ya shigo na kan sami abin yi a madafa.

Turawa na nan a lokacin. Hukumar En'e ta ɗauke shi makaranta a Birnin Kebbi, ni kuma a shekarun nan na shiga ajin Yaƙi da Jahilci na mata a unguwarmu a Argungu. Na iya haɗa baƙi, na iya lamba har da rabawa. Bai sani ba. Wa zai gaya masa?

Wani hutu, bayan an yanke shinkafa, aka aiko cewa zai iso da azahar a kan keken aro. Na dafa kifi tun hantsi. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, sai da rana ta yi ja ya shigo da ƙullin shinkafa a bayan keken. Ya gaida babansa, ya ce rairayi ne ya yi yawa a hanya.

Washegari da safe suka zauna a tsakar gida, ina gefe ina tsince shinkafa. Ya buɗe wani littafi mai ƙananan gidaje kamar idon komar kamun kifi. Wai malaminsu na lissafi ya ara masa agogo, ya ce ya riƙa duba duwatsun mil na bakin hanya yana rubuta lokaci, ya zana tafiyarsa.

"Baba, duba. Nan ƙasa awowi, nan gefe mil. In layi ya miƙe tsaye, gudu a kai. In ya kishingiɗa, sannu a kai. In ya kwanta sarai, an tsaya."

"To, mi a amfaninai? Ni da jirgina na san sa'ad da ni ka isa Augie ba da takarda ba."

"Sai ka raba mil da awa, ka san gudunka."

"Gudun mi? Ɓarawo ni ke?"

Suka yi dariya, suka fita duba keken. Littafin na nan kan tabarma.

Na goge hannuna na ɗauka. Layin ya tashi daga kusurwa ya haura kamar mai hawan gangaren kogi. Sai ya kwanta. A ƙarƙashin inda ya kwanta an rubuta Gulma, da hannunsa mai kyau. Na ƙirga gidajen da yatsa: awa uku. Bai iya yi wa malaminsa ƙaryar rairayi ba.

Da a nan na tsaya da ya fi mini. Amma na ɗebi ƙwayar shinkafa na yi abin da ya ce. Daga Birnin Kebbi zuwa Gulma ya rubuta mil goma sha shida cikin awa biyu. Na kasa ƙwaya goma sha shida gida biyu, takwas-takwas. Daga Gulma zuwa ƙofarmu mil goma sha biyu, awa uku, huɗu-huɗu. Na sake kasawa ko na yi kure. Ban yi ba. Da gudu ya je wurin Innarsa, ya zauna ta cika masa ciki, sannan ya taho wurina kamar mai raka gawa.

Matar nan ba ta taɓa yi mini laifi ba. Ta yi jinyarsa da ƙyanda, ta sayar da tunkiyarta ta ɗinka masa riga. Amma ranar nan da ta shigo da ban ba ta ruwa ba.

Da suka dawo na kawo fura na ajiye gaban maigida. Ban dubi yaron ba.

"Maigida, a tambayi mai keken. Rairayin nan, daga Gulma zuwa nan kaɗai yake? Na ga can takwas a kai, nan huɗu."

Maigida ya tsaya da ludayi a hannu. Yaron ya dubi littafin, ya dubi ƙwayoyin shinkafar da na manta a kan tabarma, kashi uku, huɗu-huɗu.

"Baba, wa ya raba wanga?"

"Ni dai ka san ban iya ba."

Yaron, yana kallon ƙasa, ya ce a gaya wa mai tambaya shinkafar da Inna ta ɗora masa ce ta yi nauyi, turo keken ya yi ta yi. Gaskiya ne, na ga ƙullin, har na dafa daga ciki. Nauyi ya biya mini huɗun. Awa ukun kuwa ba wanda ya ce komai a kansu.

Amma da la'asar sai ga shi ya jawo tabarma har bakin madafa, inda bai taɓa zama ba, ya kira babansa. Ya buɗe sabon shafi, ya ɗaga murya, ya fara bayanin jirgi mai bin ruwa da mai gaba da ruwa, da yadda layinsu ke bambanta.

"Kai, na ji irin wanga da sahe," in ji maigida.

"Ka ƙara ji, Baba."

Haka muka yi kwana goma sha biyu. Yana koya wa babansa, babansa na gyangyaɗi, ni ina daga ciki ina kasa shinkafa a faifai. Idan na samu sai in faɗa wa tukunya amsar, shi kuma ya ce wa babansa, "Daidai ne."

Hutun saura kwana biyu ya ɗaure kayansa. Ya ce zai kwana Gulma.