Kawu Ilu da Gangaren Jos

Duk wanda ya san Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, ya san shi da dutse a aljihu. Mota ta tsaya a tashar Matameye, ko amalanke, kai ko kurar ruwa ce, sai ya duƙa ya cusa mata dutse a gindin taya. In ka ce, "Kawu, ai nan ba gangare!" sai ya harare ka. "Kai ka sani. Ita tayar wa ya gaya mata?"

Da ƙuruciya ya tafi cin rani Najeriya, ya samu aikin zuba kwal a jirgin ƙasa na kaya, irin baƙin nan mai tururi da ke hawa tsaunukan Jos yana nishi. Daga can ya kwaso wannan tsoro.

Kun tuna ran sunan ɗiyata? Murfin tukunyar shinkafa ya fara rawa, tururi na fita. Sai Kawu ya kwarma ihu, "Ku watse! Za ta fashe!" Mata suka tarwatse, wata har da barin takalmi, shi kuwa ya sheƙa wa murhun bokitin ruwa. Matarsa, Gwaggo Hajara, ta riƙe haɓa. "Malam, shinkafa ce fa!"

"To, yanzu ai ta huce."

Tsaki-tsaki muka ci ta.

Tafiya Damagaram da shi kuwa, wayyo! Muna isa wani ɗan gangare ya dafa kafaɗar direba. "Tsaya in sauka." Ya taka da ƙafa, mota cike da mutane tana jiran shi a ƙasa. Direba ya ce, "Baba, wannan ko akuya ba ta san gangare ba ne."

"Akuya tana jan tarago?"

Da ciwo ya kwantar da shi na tambaye shi dalili. Bai yi dariya ba.

"Rabi, ruwa ake ran nan. Mun ɗauko kuza, ma'adinin nan da ake haƙa a Jos, muna saukowa, birki ya ƙi ci. Taragai suna turo mu ta baya, ƙarfe na kuka, hagu dutse, dama rami. Direba sai salati yake. Abokin aikina Sale, ɗan garin Tsauni, ya ce mu dira. Ya dira. Ni ƙafafuna suka ƙi motsi, na ƙanƙame shebur ɗin zuba kwal. Da muka kai fili jirgin ya tsaya don kansa."

"Sale fa?"

"Ni na kai wa uwarsa rigarsa." Ya juyo ya dube ni. "Tsoro ne ya bar ni da rai, 'yar nan. Sannan ku ce in rabu da shi?"

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya jiƙan Sale. Ya Ubangiji, ka kwantar masa da hankali a inda yake, ka amintar da shi daga duk abin da ke firgita bawa. Amin.