Ranar da Na Ƙi Bin Kawu Damagaram

Wata ranar kasuwar Gure ce, a farkon bazara, shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko. Na dawo daga kwari da jakinmu, ƙafafuna fari fat da kanwa, na tarar da Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, a zaure shi da Baba suna shan shayi. Kanti gare shi a Damagaram, kuma ya zo ne ya ɗauke ni in zama yaron kantinsa da zarar an rufe lakwal. Duk gidan murna ake yi, har Inna ta fara lissafin kayan da za ta ɗinka mini. Da Kawu ya ce, "To Abba, ka ji ko?" abin da ake jira in sunkuyar da kai in ce to. Sai na ce, "Kawu, ni kwari nake so." Baba ya ajiye kofinsa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Kwarin nan wani lambu ne na kakata Ya Falmata, a ƙasan tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa. Can na tashi. Kafin mushe, malaminmu, ya buga ƙararrawa na riga na ja guga na shayar da albasa da rogo, bayan an tashi kuma mu yara mu hau tudu mu gangaro a kan tsohon buhu, mu yi langa har wandunanmu su yage. Amma ni ko ana tsakiyar wasa idona na kan dabinai. Na san wadda ke da zaƙi, na san mai rowa, na iya hawa in ɗaura wa macen dabino furen namiji tun ban kai tsawon jaki ba. A aji ma, in mushe na bayani, ganyen dabino nake zanawa a bayan allo.

Ya Falmata ce ta raba gardamar. Ba ta goyi bayana ba, ita ba ta lallashin yaro. Ta sa aka ciro ɗan toho daga gindin dabinon da ta fi so, ta miƙo mini, ta ce, "So a baki ba wuya. In ya rayu har ruwan farko, ka zauna. In ya mutu, ka bi kawunka ba kuka." Bazarar nan na sha wuya. Na dasa tohon, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki, na yi masa inuwa da tsohuwar tabarma, safe da yamma ina ɗauko ruwa, in iska ta binne shi in tone da hannu. Ganyensa na waje duk suka bushe, abokaina suna tsokanata wai mai kanti ya kusa tafiya. Tsoro ya kama ni sosai, har abinci ya daina yi mini daɗi. Ana saura kaɗan hadari ya haɗu, na leƙa tsakiyarsa na ga wani ɗan kore siriri ya leƙo. Da na kai wa tsohuwa labari, cewa kawai ta yi in je in ɗaure jaki. Ƙanena Bukar ne ya bi Kawu, yau ga shi da gidan bene, kuma ban taɓa jin ƙyashinsa ba.

Yanzu rairayi ya cinye rabin kwarin, yaran da ke gangarowa daga tudu sun koma kan waya, in ka tambaye su abin da suke so sai su ɗaga kafaɗa. Ina kewar wancan zamani. Bara ɗiyata Hadiza, wadda ta fi kowa hannun shuka, wadda na sa rai ita za ta riƙe mini lambun, ta tsaya gabana ta ce aikin jinya take so, a Yamai. Ban so ba, amma na tuna ranar da na ƙi bin Kawu. Da kaina na kai ta tasha, na ɗora mata buhun dabino. Yaron da ya san abin da yake so, ba a tare masa hanya.