Ƙusar da Yidir Bai Mayar Ba

Shekara arba'in Yidir yana gyaran motoci a gindin dutsen Tizi n'Test, kuma da kunne yake aikinsa. Sai ya kafa sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotarta, ya gaya maka cutar. Mutum ne mai taurin kai da tsami, amma motar da ya ce kada ta hau dutse, ko direban banza ba ya musu.

Sai ƙaninsa Mbarek, wanda kunnensa na ƙashi ne.

Ranar da za a kai Rkiya, 'yar autar Yidir, gidan miji a bayan dutse, Mbarek ya kawo tsohuwar tasinsa wadda ta girmi amaryar nesa ba kusa ba. Yidir ya murza sitiyari, ya ji yana lilo kafin taya ta amsa. Da inji ya yi zafi kuwa, allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai ta kwanta. Ya dubi Mbarek.

"Wannan akwalar ba za ta ɗauki 'yata ba."

"Haba Yaya! Tsufa ne ya sa maka tsoro? Jiya-jiya na haye da mutum bakwai da tunkiya."

"Tunkiyar ce mai hankali a cikinku."

Amma ina! Mata sun riga sun yi wa motar ado tun da hantsi, kuma a ƙauyensu motar amarya ba a sauya ta, ba ta tsayawa a hanya, uba ma ba ya rakiya. Yidir ya yi tsaki, ya ɗura mata mai mai kauri, ya shige ƙarƙashinta da rigarsa ta biki. Ya zare 'yar ƙusar da ke hana notin sandar sitiyari kwancewa, ya ɗaure notin tamau.

Yana nan kwance guɗa ta tashi. Aka jawo shi ta ƙafa ya zo ya sa wa 'yarsa albarka. Rkiya ta riƙe hannunsa mai baƙin mai tana kuka, shi ma idonsa ya cika, komai ya kwance masa.

Motar ta tashi, ta sha kwanar hanya ta farko, ta ɓace. Saura kwana fiye da ɗari, kowace da rami a gefenta.

Maƙwabci ya miƙo masa shayi. Yidir ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici, yatsunsa suka taɓo ƙusar sitiyarin.

Bai yi ihu ba. Ya dai tuɓe takalmansa, tsoho mai shekara sittin da takwas, ya nufi hawan dutsen da gudu, ko zai tari motar.