Rahaji Ta Ƙara Tsawo

Duk wanda ya zauna a unguwar Yalwawa ta Dutse ya san Malam Idirisu mai jar mota, in ma bai san fuskarsa ba ya san kukan motarsa. Tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, ta girmi rabin direbobin da ke yi mata hon a titi. Ya sa mata suna Rahaji, sunan jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, don shi a ganinsa saniya ce da aka yi wa taya. Kullum da safe sai ya shafa mata goshi kafin ya tashe ta. In ta yi tari ya ce raɓa ce ta dake ta. Matarsa Zakiyya ta yi mita har ta gaji ta zuba musu ido.

A Rugar Jaɓɓe aka haife shi, can bayan Buji, kuma shi ne ɗan fari. Ya yi kiwo har gemu ya fara tsiro masa, sannan wata shekara ciwo ya shiga garken mahaifinsa ya yi musu ɓarna. Ya rataya jakarsa ya nufi Dutse, ya koyi tuƙi. Shekara ashirin da biyar ke nan yana kwaso nono da gero da awaki daga ƙauyuka zuwa kasuwar Shuwarin, kuma ba a taɓa jin ya zubar wa wata da ko ƙwarya ɗaya ba. Da wannan sana'a ya gina gida, ya aurar da ƙannensa, ya mayar wa ruga shanu fiye da waɗanda suka mutu.

Amma akwai abu ɗaya da yake ci masa rai. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ba ta taɓa sa ƙafa a motarsa ba. Dama ba ta kiran sunansa, saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "mai ƙarfe". Ranar da ya bar ruga ta faɗa wa turken maraƙi, ba shi ba, cewa wani ya bar mai numfashi ya bi ƙarfe. Idirisu ya yi furfura, maganar ba ta bar kunnensa ba.

A tsakiyar daminar bara 'yarsa Munira, wadda ta zo goyon ciki gida, ta haifi 'ya mace ranar Asabar. Mijinta Misbahu, malamin makaranta a Kafin Hausa, ya ce sunan Inna za a sa wa jaririya. Kafin la'asar ƙanwar Idirisu, Safina, ta bugo waya daga ruga.

"Yaya, Inna ta ce a gaya wa mai ƙarfe ko da rarrafe sai ta ga tattaɓa-kunnenta ranar suna."

"Babu rarrafe," in ji Idirisu. "Ki ce mata har ƙofar ɗakinta zan zo in ɗauke ta."

Faɗa da baki ba wuya. Gwiwoyin Inna sun daɗe da ƙin babur, bayanta kuma ba zai jure jijjigar amalanke ba. Ita kuwa hanyar Rugar Jaɓɓe, da damina ko mai ƙafa sai ya naɗe wando. Amalanke da tarakta sun haƙa kwari biyu masu zurfi, sun bar doro a tsakiya, sannan ga fadama da ruwa ya kwanta a ciki.

Washegari Lahadi ya ce bari ya gwada. Bai yi nisa da barin Buji ba Rahaji ta hau doron nan ta zauna daram a kan cikinta, tayoyi huɗu suna ta juyawa suna fesa masa taɓo. Sai da wani manomi ya kwanto shanun huɗarsa suka jawo ta baya. Kafin ya gama wanke fuska labari ya kai ruga, amsa kuma ta dawo ta wayar Safina, tana dariya har da tari: Inna ta ce ashe dai har yanzu sai da saniya.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai koma gida ba. Ya zaro tsohuwar sandarsa ta kiwo da ke bayan kujera, ya bi hanyar da ƙafa har bakin fadama. Inda kwari ya fi zurfi ya soka sanda ya tsaga mata alama da wuƙa. Inda doro ya fi tudu ya sake tsagawa, haka ma inda ruwa ya fi yawa. Da wannan sanda ya isa garejin Malam Yahuza ranar Litinin da sassafe.

Malam Yahuza bakanike ne tsoho, mai gajeren haƙuri da tsabtar aiki. Shekara ashirin suna tare da Idirisu, kullum cikin musu. Ya karɓi sandar, ya jingina ta da motar, ya tsuguna ya leƙa ƙasa.

"Taƙi guda kake nema," ya ce. "Malam Idirisu, mota ce wannan ko raƙumi?"

"Kai dai ɗaga min ita, Malam. Asabar suna."

Kwana biyu suka yi a ƙarƙashin Rahaji, su biyu, Idirisu yana miƙa sifana yana shan faɗa. Suka sauke sifirin da ke ɗauke da jikin motar a ƙafafu huɗun, aka ƙara wa kowanne falle biyu, aka buga su da guduma har suka ƙara lanƙwasa. Aka sa shokozoba masu tsawo, aka canja tiyon birki don kada ya tsinke in taya ta faɗa rami, aka ɗaura manyan tayoyi masu kaushi. Da aka sauke ta daga kan jak ranar Laraba, masu shayin bakin gareji suka taso kallo. Idirisu ya kawo sandarsa ya auna, ya ga cikin mota ya wuce tsagar sama da yatsa biyu, ya washe baki har kunne.

Murnar ba ta kai ƙarshen layi ba. Yana taka ramin farko sitiyari ya fizge daga hannunsa, Rahaji ta yi hagu kamar an kira ta. Ya dawo da ita, ta taka tudu, ta yi dama. Saura ƙiris ya shiga rumfar mai kankana, mai kankana kuwa ya riga ya tsallake kwata yana salati. Ya lallaɓo ya dawo gareji.

"Ta haukace, Malam."

Malam Yahuza bai ko yi mamaki ba. Ya jawo shi ƙarƙashin mota ya nuna masa wani dogon ƙarfe da ke haɗa hannun sitiyari da tayar gaba. "Da a kwance yake. Yanzu mun ɗaga jiki mun bar ƙafa a ƙasa, dubi yadda ya karkace. Kai da ka yi huɗa, in ka haɗa dogon sa da gajere a karkiya ɗaya, ina kunya take zuwa?"

"Gonar maƙwabci," in ji Idirisu.

"To ka gane. Sai an samo wani hannun mai lanƙwasa ƙasa, ƙarfen nan ya koma ya kwanta."

"A yanka wannan a yi masa walda mana. Lokaci ya ƙure."

Nan Malam Yahuza ya fito daga ƙarƙashin mota ya miƙe tsaye. "Ni ba na walda a ƙarfen da ran mutum ke rataye a kansa. Wa ka ce za ka ɗauko? To ka je ka nemo mai yi maka, ba ni ba."

Idirisu ya san gaskiya aka faɗa masa. Alhamis da asuba ya hau motar haya zuwa Kano da tsohon hannun a cikin buhu. Ya yini yana zaga rumfunan 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, yana gwada wannan yana ajiye wancan, sai dab da la'asar ya dace a ƙasan wani tarin ƙarafa. Juma'a da safe aka ɗaura, aka daidaita tayoyin gaba da zare, aka gyara sitiyari ya tsaya cak a tsakiya. Malam Yahuza da kansa ya tuƙa ta ya bi ta kan ramin nan na shekaranjiya da gangan, ya saki hannu. Rahaji ta wuce sumul. Mai kankana dai ya tashi tsaye, don bai yarda ba tukuna.

Ana sakkowa daga masallaci Idirisu ya kama hanya. Ya wuce inda shanu suka jawo shi, doro yana bi ta ƙarƙashinsa ko gogawa babu. Ya shiga fadama, ruwa ya rabu biyu, ya fita ɗaya gefen yana kabbara shi kaɗai. Mutanen Rugar Jaɓɓe suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, don ba su taɓa ganin mota a ƙofar gida a watan Agusta ba.

Inna ta fito a shirye, da sabon zani da sandarta, Safina na biye da ƙwaryar man shanun mai jego. Ta tsaya a gefen mota ta ɗaga kai. Ta ƙara ɗagawa. Idirisu ya buɗe mata ƙofa da sauri, sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Bakin ƙofar ya kai wa Inna har ƙugu. Ya auna kwari, ya auna doro, ya auna ruwa, bai auna gwiwar tsohuwar da aka yi duk wahalar dominta ba.

Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ta sake, ta dafe ƙofa ta yi nishi. Wani ya ce a ɗaga ta a sa, Inna ta juyo ta yi masa kallon da ya sa ya ja da baya. Ita da ta haifi tara, ɗanta na fari zai sungume ta gaban jama'a kamar buhun gero? Ta juya ta fuskanci ɗakinta.

"A gaya wa mai ƙarfe ya gaida mai jego," ta ce wa Safina.

Zuciyar Idirisu ta yanke. Kwana shida na wahala, ga mota a ƙofar ɗaki, ga Inna za ta koma ciki. Dama can bai saba doguwar magana da ita ba. Idonsa ya faɗa kan 'yar kujerarta ta tatsar nono a gindin turke, wadda aka sassaƙa mata tun tana amarya, ta yi baƙi ta yi santsi. Ya je ya ɗauko, ya goge ta da bakin rigarsa ta Juma'a, ya dasa ta a ƙasan ƙofar mota. Sannan ya tsuguna ya riƙe ƙafafun kujerar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Inna ta daɗe tana kallon kujerar. Can ta miƙa wa Safina sanda, ta ce bismillah, ta taka. Daga kujera zuwa mota taku ɗaya ne. Ta zauna, ta gyara zani, ta dubi jama'a daga can sama kamar dama nan ne wurin zamanta. Mata suka rangaɗa guɗa. Safina ta jefa kujerar a baya ta haye.

Tuƙin da Idirisu ya yi a ranar, ko ƙwai ya ɗauko sai haka. Inna ta riƙe ƙofa gam har suka fita fadama, daga nan ta saki, ta shiga nuna wa Safina gonakin mutane tana faɗin wanda ya yi noma da wanda ya yi lalaci. Kafin magariba suna Yalwawa. Aka dasa kujera, ta sauko, Zakiyya ta tare ta da murna, aka sa mata jaririya a cinya. Ta daɗe tana kallon takwararta tana taɓa mata kunne, hawaye na bin kumatunta tana dariya.

Da safe aka raɗa suna, aka yanka rago, gida ya cika. Malam Yahuza ya zo da babbar riga, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa shi ya hana a yi walda. Da hantsi Idirisu ya zagaya bayan gida don ɗauko tabarmi daga mota, sai ya ja ya tsaya. Inna ce tsaye ita kaɗai a gaban Rahaji, ta dogara sanda, tana shafa mata goshi da tafin hannu yadda ake yi wa saniyar da ta dawo daga nisa. Ta san yana bayanta, amma ba ta juyo ba.

"Ke ja," ta ce wa motar, "wanda yake kiwonki ya iya kiwo."

Ta dogara sandarta ta koma cikin mata. Idirisu ya tsaya riƙe da tabarma, dattijo mai jika, yana share ido da hannun riga, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Inna ta yi kwana goma a Dutse, kuma a Rahaji ta koma. Kujerar dai ba ta koma gindin turke ba. Tana nan ɗaure da igiya a bayan mazaunin direba, kusa da sandar nan mai tsaga uku, kuma duk tsohuwar da za ta kai nono Shuwarin ita take takawa. Malam Yahuza ya yi ta cewa a kawo ya yi mata matakin ƙarfe, Idirisu yana cewa sai wani satin.