Hannun Dama da Ganyen Tabar Surukina

Shekarun baya da ɗan dama, ina aikin gyaran manyan motoci a Suame, unguwar gareji a Kumasi, wani inji ya zame daga sarƙa ya danne mani hannun dama. Ba zan cika ku da labarin jini ba. An ɗinke ni a asibiti, ƙashi ya haɗe, ciwo ya warke, amma yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Babban yatsa da manuni ba sa haɗuwa, ko maɓallin riga ba na iya sawa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ba ni ƙwallon roba ta ce in riƙa matsawa safe da yamma. Na matsa na kwana biyu, na ji zafi, na cilla shi ƙarƙashin gado.

Haka na zauna a ɗaki a unguwarmu ta Aboabo wata da watanni. Matata ce ke fita da sassafe da tukunyar wake da shinkafa zuwa bakin titi, ni kuwa ina kwance ina jin ƙarar babura. Mastana, wato maigidana a gareji, ya aiko cewa wurina na nan, amma na san gareji ba ya jiran mai hannu ɗaya har abada. Na zama mafaɗaci. Idan matata ta ce bari ta taya ni ɗaura agogo, sai in ji kamar ta zage ni. Har na fara cigiyar wanda zai ɗauki akwatin kayan aikina, don ganinsa a lungun ɗaki yana ƙona mani rai.

Ana cikin haka surukina ya aiko kirana.

Mutumin Nijar ne asalinsa, ya zo Kumasi yana saurayi, ya yi shekaru yana bin motocin goro har ƙarfi ya ƙare. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga nesa, in tambayi lafiya, ya amsa, in tashi in ba shi wuri. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Na dai san yana da ɗan fili a bayan gida, tsakanin katanga da kwata, inda yake shuka taba, wasu a ƙasa, wasu a cikin tsofaffin tayoyi. Na kuma san yana naɗa ta da kansa, irin sigarin nan mai kauri wanda ganye ne zalla ciki da waje, babu takarda. Shi “naɗi” yake ce masa.

Na same shi a ƙarƙashin rumfar kwano, ganye a rataye bisa igiya, wani kuma a jibge an rufe da buhu.

Ya ce, “Ganye ya yi mani yawa bana. Ka riƙa zuwa kana taya ni cire jijiya.”

Na ce, “Baba, ai hannun ba ya aiki.”

Ya ce, “Na gani. Ka zo da shi haka nan.”

Da wani ne ya faɗa mani haka da na san amsar da zan ba shi. Amma suruki ne. Washegari bayan hantsi na zo na zauna a can ƙarshen benci.

Aikin a ido ba wuya. A yayyafa wa busasshen ganye ruwa ya yi laushi, a ninka shi biyu, a kama jijiyar tsakiya a zare, ganyen ya rabu gida biyu. Shi ke nan. Ni kuwa sai in kama da hagu, in danne da dama kamar mai danne kaza, in ja, ganye ya yage. Gumi ya jiƙa mani riga. Na tara yagaggun ganye a gabana har kunya ta sa na fara tura su ƙarƙashin benci da ƙafa.

Bai ɗago kai ba ya ce, “Fito da su. Ciki za su shiga, ba mai ganinsu.”

A hankali na fahimci cewa ganyen ba ɗaya ba ne. Iri biyu yake shukawa. Akwai wanda ya zo da irinsa daga garinsu, baƙi, mai kauri, mai hawa kai. Akwai wanda wani manomi daga wajen Ejura ya ba shi, ja-ja, mai laushi, mai ƙamshi kamar busasshiyar ciyawa. Kuma ko a jikin tsiro ɗaya, ganyen ƙasa daban, na tsakiya daban, na sama daban. Na ƙasa ba shi da ƙarfi amma yana cin wuta da kyau. Na sama ya sha rana, yana da ƙarfi amma wuta ba ta son sa. Na tsakiya shi ne mai ƙamshi. Duk gwanintar tana wurin haɗi. Zai ɗebo wannan, ya ƙara wancan, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci, ya yanki ɗan kaɗan ya kunna ya ga yadda toka ke tsayawa. In bai yi masa ba ya warware ya sake.

Wani lokaci sai ya miƙo mani ya ce, “Shinshina. Me ya yi yawa?”

In ce, “Baba, duk warin taba nake ji.”

Ya ce, “Kai da ke gane ciwon inji da kunne. Sake shinshinawa.”

Damina ta fi ba mu wahala. Kun san ruwan Kumasi, iska ma a jiƙe take. In aka bar jibgin ganye bai sha juyi ba, fumfuna ta kama shi. Don haka kullum sai mun kwance, mun juya, na ƙasa ya koma sama, mun sake rufewa. Duk da hannu. Ina komawa gida yatsuna na zogi, amma na lura na daina kwana ina juyi.

Mahaifiyata ba ta ji daɗin abin ba ko kaɗan. Ranar da ta ji warin a rigata ta ce, “Daga gyaran mota ka koma naɗa taba? Me zan ce wa matan makarantarmu?” Na rantse mata ba sha nake ba. Ta ce ko ba ka sha, hannunka na ciki. Ban yi mata musu ba, don tana da gaskiyarta. Shi kansa surukina ya taɓa ce mani, “Kada ka fara. Ni ta kama ni tun a bayan mota, ban ga abin da ta ƙara mani ba sai tari.”

Ni da taurin kai, wata rana ya shiga alwala na ɗauki guntun da ya ajiye na zuƙa sau ɗaya, wai in ji abin da nake wahala a kai. Katanga ta fara juyawa. Da ya fito ya tarar da ni durƙushe a bakin kwata ina mayar da kokon safe. Ranar na fara jin dariyarsa. Ya yi ta yi har ya zauna a kan taya. Daga nan ban ƙara ba, har yau.

Da shekara ta zo ƙarshe na gane dalilin tara ganyen. Yana da wani aboki, tsohon direba, mutumin Asante, wanda suka yi shekaru suna hawa arewa tare. Duk Sallah abokin kan aiko masa da doya, shi kuma duk Buronya, wato Kirsimeti, yakan kai masa naɗi cikin ɗan akwatin katako. Ba su taɓa fashi ba. A lokacin ƙafa ta hana abokin fita, yana zaune gidan ɗansa kafinta a unguwar Anloga.

Mun gama haɗi, mun dunƙule cikin, mun naɗe da ganye na biyu mai kauri, mun danne su a tsakanin katako sun kwana. Saura na waje, wanda yake kira riga. Shi ne ganye mafi kyau, marar huji, siriri kamar fatar albasa. Ana yanka shi da wuƙa, a ja shi ya miƙe, a naɗa a karkace tun daga ƙasa har sama, a liƙe bakin da ƙaro. Wannan bai taɓa bari na taɓa ba.

Ya shimfiɗa riga, ya ɗora, ya fara naɗi. Ganyen ya yage. Ya ɗauki wani, shi ma ya yage. Sai a lokacin na kalli hannunsa sosai. Rawa yake yi. Ashe ya daɗe yana yi, ni ne ciwon kaina ya hana ni gani. Ya sake gwadawa, ya danne guiwar hannu a kan benci, duk da haka abin ya ƙi. Ganyen rigar kuwa ba shi da yawa.

Ya ajiye wuƙar a gabana.

Na ce, “Baba, wannan sai da yatsu biyu. Nawa ba sa haɗuwa.”

Ya ce, “To bana ba zai samu ba ke nan.” Ya ɗauki buta ya tafi masallaci la'asar.

Na zauna ni kaɗai da ganye. Na yi niyyar tashi. Amma na tuna yadda ya faɗi maganar, ba fushi, ba roƙo, kamar mutumin da ya riga ya haƙura. Na shimfiɗa riga ɗaya. Na kama bakinta da hagu, na kawo dama, na matsa manuni zuwa babban yatsa. Zafin ya tafi har kafaɗa. Na cije na ƙara matsawa, hawaye na zuba ba don kuka ba, har na ji ganyen ya tsaya a tsakaninsu. Ɗan riƙo ne, wanda ko jariri zai ƙwace. Amma riƙo ne.

Na farkon da na naɗa ya fito kamar rogo, ciki a kumbure, kai a karkace. Da ya dawo ya ɗauka ya juya shi ya ce, “Wannan nawa ne, ba za mu kai wa mutane ba.” Ya zauna kusa da ni, yana riƙe ƙarshen da tafin hannu, ni ina naɗawa. Mun ɗauki kwanaki a haka kafin akwatin ya cika. Sallar la'asar ɗin ranar farkon kuwa sai da na rama ta.

Ranar Buronya muka hau mota zuwa Anloga. Muka sami tsohon a kujera a tsakar gida, ƙurar katako ta rufe ko'ina, jikoki na ta kai da kawo. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki ɗaya ya duba, ya kalli surukina. Da irin Hausarsa ta tasha ya ce, “Aboki, wannan ba hannunka ba.”

Surukina ya ce, “Hannun ɗana ne.”

Ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Tsohon ya kunna, ya ja, kumatunsa suka lotsa. Ya ce, “Ya matse shi kamar sabon birki. Amma haɗin ya yi.” Suka yi dariya, suka shiga hirar hanyar Tamale da gadojin da ruwa ya cinye, rabi Hausa rabi Twi, yaren Asante.

Can tsohon ya nuna wata tsohuwar a-kori-kura a gefen gida ya ce an gaya masa ni fita ne, wato makanike, motar ɗansa ta ƙi tashi, in je in saurara kawai. Na ce to, Papa, saurare dai zan iya. Ɗan ya buɗe gaba, ya murza makulli, na ji yadda take shaƙewa. Na ce mai ne ba ya isa. Na ce ya ba ni sifana in nuna masa wurin. Muna magana ina kwance bututun, ina hurawa, ina mayarwa.

Motar ba ta tashi ba ranar, sai da aka sayo wani abu daga baya. Amma da na juyo ina goge baƙin mai a wando, na ga surukina ya daina hira yana kallona. Na bi idonsa. Sifanar tana hannuna na dama, kuma notin da na kwance yana cikin tafina. Ban san lokacin da na karɓa da shi ba.

Da muka sauka daga motar komawa surukina ya ce, “Ka gaida mastanka.”

Bayan sabuwar shekara na koma Suame. Na fara da ƙananan ayyuka, hannun na gajiya da wuri, ƙaramin yatsa kuwa har yau a sandare yake. Na koma asibiti wurin ma'aikaciyar nan, ta gwada yatsun ta ce duk abin da nake yi in ci gaba, ta kuma haɗa ni da wasu motsin da na bi wannan karon ba gardama.

Tsohon direban ya rasu bayan 'yan shekaru. Surukina kuma likita ya hana shi taba saboda ƙirji, ya yi ta mita, amma ya bari. Filin bayan gida yanzu tumatir ne da ayoyo, wato lalo, sai 'yan tsirai a lungu da yake bari don kada irin garinsu ya ɓace. Ba na ba kowa shawarar shan taba, na ga abin da ta yi wa ƙirjinsa.

Abin da ya zauna mani a rai shi ne, a watannin nan kowa tausayina yake ji. Kowa so yake ya ɗaukar mani, ya ɗaura mani, ya buɗe mani. Na gode masu, da zuciya ɗaya suka yi. Amma mutum ɗaya ne ya ce in zo in taya shi. Har yau ban sani ba ko don ni ya kira ni ko don kansa, ban kuma tambaya ba. Ina jin shi ma in an tambaye shi ba zai iya rabewa ba.

Ya tsufa sosai yanzu. Ranar Juma'ar da ta wuce na biya gaishe shi bayan masallaci, na tarar yana fama da reza zai yanke farce. Na karɓa, na zauna a gabansa, na riƙe hannunsa yana ta rawa a cikin nawa, na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya a hankali. Da na gama ya ɗaga ya duba a hasken rana, ya miƙo mani ɗayan.