Tukunyar da Ke Cikin Moton Baba

Ko yau na ji warin esansi, wato fetur, a hannun mai gyaran moto, babur ke nan, sai in tuna shekarar da na yi ta roƙon Allah moton Baba ya mutu.

Kada ka yi mini kallon muguwa. Kakana maƙeri ne, mai zuba tukwanen alminiyom, kuma a Dakoro duk injin da ya gaji wurinsa yake ƙarewa. Da zarar rulma, wato zoben nan mai ƙwallaye, ya fara rawa a gurbinsa, makanisai sukan cusa masa yankin gwangwanin tumatir. Ya yi wata biyu, gurbin ya ƙara faɗi, sai a kawo wa Kaka karter ɗin, gidan injin ke nan, ya narkar.

Da kakar gero moton Baba ya fara wannan kukan. Kaka ya kasa kunne, ya yi murmushi, ya ce mini, "Amarya, ga tukunyar aurenki can tana kira." Shekarata takwas. Na yarda ɗari bisa ɗari.

Sai ga Baba ya dawo daga Maradi da wata 'yar kwalba mai koren ruwa, wai gam ne na ƙarfe. Ya wanke gurbin tas har ba ɗigon mai, ya shafa, ya zaunar da rulman, ya ce kada a taɓa sai gobe. Kaka ya lakata a yatsa, ya jira, ya hura, abu ya ƙi bushewa.

"Wanga ruwa da bai iya kama yatsa shi za ya kama ƙarhe?"

Baba ya ce masa, "Sai ya shiga inda babu iska yake kamawa, Baba."

"To, tahi Roumbou ka komo. In ya saki, karter ɗin nawa ne."

Washegari muka zauna ƙofar gida ni da Kaka, har gawayi ya tanada. Da la'asar Baba ya dawo, injin na tafiya lafiya lau. Na fashe da kuka, mutane suka zaci murna ce.

Daga nan kullum safiya Kaka sai ya gaida Baba, sannan ya ce, "Ya mai jiki?" yana nuna moton da haɓa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Mai jiki ya ƙi kwanciya. Kaka ne ya kwanta, kuma bai tashi ba.

Yanzu kwalbar nan kowane garaji akwai ta, masu zuba tukwane kuma sai gwangwanayen lemo suke tsinta. Amma ana saura mako biyu bikina, na tarar da Baba ya kwance moton, alhali lafiyarsa ƙalau. Rulman ya ƙi fita sai da aka sa masa wuta. Baba ya share zufa, ya ɗauki karter ɗin zai kai wa ƙanen Kaka, wanda ya gaji maƙerar.

Ya ce, "Tsoho ya yi miki alkawari. Ni na tsare shi, ni zan cika shi."