Ranar da Inna Ta Kama Sunana

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban san ko ya halatta mutum ya fito da larurar mahaifiyarsa a jarida ba. Bana shekara shida ke nan da rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta, amma abin ya ƙi barina.

Mantuwarta da ƙananan abubuwa ta fara. Ta zuba gishiri a miya ta sake zubawa, ta idar da salla ta sake tayarwa. Muka hau mota daga ƙauyenmu na wajen Tsanyawa zuwa asibiti a Ɗambatta. Wani matashin ma'aikaci ya ce a riƙa motsa mata ƙwaƙwalwa da tambayoyi kullum. Ya nuna ni ya ce, "Inna, wannan ya sunansa?" Ta sunkuyar da kai, shi kuma ya girgiza nasa. Bai san ni ne ɗan fari ba. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, "wannan" take ce mini.

Na riƙe aikin kamar farilla. Da safe in zauna gabanta: yaushe kasuwa ke ci? Gonar wa ke gabas da tamu? Wata rana ta amsa, wata rana ta ce, "Kai wannan, alƙali ka zama?"

Wata damina ina ɗaure akuya, sai na ji muryar Inna a bayana, "Habibu, in ka je gida ka gaida uwarka." Matata ta yi murna, wai tambayoyin sun fara aiki. Ni kuwa igiyar ce ta suɓuce daga hannuna. Sunan yana nan, amma ta manta ita ta haife ni.

Yanzu 'yata ta fari ta sa mini wasan haɗa hotuna a waya, tun ranar da na tsaya a tsakiyar kasuwa ban san abin da ya kai ni ba. Da Inna ta gan ni, cewa za ta yi ƙato da furfura yana wasan yara. Kullum ina yi, ban san ko yana amfani ba. In na tuna ta, sunkuyar da kan nan na asibiti nake gani. A ranar tana sane da ni sarai.

Ina roƙon masu karatu, likita ko wanda ya yi jinyar tsoho: motsa ƙwaƙwalwar nan tana tsayar da mantuwa, ko wahalar da mutum kawai ake yi? Don Allah a sanar da ni ta jaridar nan. Ni ma ban taɓa kama sunan 'yar tawa ta fari ba, kuma ina tsoron ranar da zan kira ta da shi.